Aljanu A Gidan Rawa: Martani Ga Masu Hukunci Ba Karatu

A zangon karatun da ya gabata, a wajen taron da sashe kan yi domin tace batutuwan da ɗalibai 'yan ajin ƙarshe suke son rubuta kundi a kansu, wata ɗaliba ta miƙe ta ce tana so ta kwatanta yadda kiɗa ke kiran mutanen ɓoye a wajen 'yan bori da yadda yake kiransu a cikin wasu ƙagaggun labaran Amurka na zamani. Ba ta kai ƙarshen shafin farko ba sai wani babban malami, wanda nake girmamawa ƙwarai, kuma ba zan kama sunansa ba, ya ɗaga hannu ya ce ta dakata. Ya ce jami'a ba dandalin tatsuniya ba ce, kuma labarin aljanu masu kaɗa jita a gidan rawa abin lallashin 'ya'yan Turawa ne kafin su yi barci. Aka kwashe da dariya, aka ba yarinya wani take a kan karin magana, aka kira na gaba. Ina zaune a wurin ban ce uffan ba, kuma wannan shirun nawa shi ya hana ni sukuni har na ɗauki alƙalami.

Da aka tashi na tare shi a baranda, na ce, "Ranka ya daɗe, wanne ka karanta daga cikin littattafan nan?" Ya ce ai ba sai mutum ya kurɓi guba yake sanin guba ce ba. To, da wannan amsa nake jayayya, domin kuwa ba shi kaɗai yake ba da ita ba, ta zama ɗabi'a a tsakaninmu malaman adabi, mu yanke wa littafi hukunci daga hoton bangonsa.

Bari in fara da bayyana wa mai karatu abin da ake magana a kai. Mutanen Ingila da Sikotilan da Ailan suna da nasu mutanen ɓoye tun fil azal. Ingilishi yana kiran wani jinsinsu elf, mutanen Ailan kuwa suna ce musu shi, da sunan tuddan da ake jin a cikinsu suke zaune. An ce suna da fada da sarauniya, suna ƙyamar baƙin ƙarfe, suna sace jarirai su bar nasu a madadi, kuma ba abin da ke jan hankalinsu kamar kiɗa mai daɗi. Saboda tsoro ba a cika kama sunansu ba, sai a sakaya a ce "maƙwabtan kirki", daidai da yadda Bahaushe yake kauce wa kalmar aljani ya ce mutanen ɓoye. Wani limamin coci a Sikotilan mai suna Robert Kirk ya zauna a 1691 ya rubuta littafi sukutum a kan rayuwarsu da al'adunsu, yana mai imani da abin da yake rubutawa. A 1895, a lardin Tipperary na Ailan, wani magidanci mai suna Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget har lahira, yana cewa ba ita ba ce, aljanu sun ɗauke ta sun ajiye masa tasu. An gurfanar da shi, an ɗaure shi. Wanda duk ya ce wannan kayan wasan yara ne bai san tarihin mutanen da yake magana a kansu ba.

Dangantakar waɗannan halittu da kiɗa ita ma tsohuwa ce. Akwai tsohuwar waƙar baka ta Sikotilan a kan Thomas na Erceldoune, mawaƙin ƙarni na 13, wanda sarauniyar aljanu ta tafi da shi shekara bakwai, ta sallamo shi da harshen da ba ya iya ƙarya, kyautar da ba kowane mawaƙi zai yi murna da ita ba. Akwai Turlough O'Carolan, wanda ya rayu daga 1670 zuwa 1738, makahon makaɗin garayar Ailan mai tsirkiya wajen talatin. Agana ce ta makantar da shi yana ɗan shekara 18, amma jama'a suka ce a kan tudun aljanu ya kwanta ya tashi da kiɗa a kansa. Mu ma ai mun san irin raɗe-raɗin da aka yi ta yi a kan Alhaji Mamman Shata har ya rasu a 1999, domin mutane a ko'ina ba sa yarda baiwa mai yawa daga mutum kaɗai take fitowa. Francis James Child na Jami'ar Harvard ya tattara irin waɗancan waƙoƙin baka guda 305 tsakanin 1882 da 1898. Sannan a 1969 ƙungiyar makaɗan nan ta Ingila, Fairport Convention, ta ɗauko ɗaya daga ciki, labarin Tam Lin da aljanu suka riƙe, ta rera shi da jita mai lantarki da gangunan zamani. Wato makaɗa ne suka fara haɗa aljanin Turai da wutar lantarki, marubuta daga baya suka biyo sawu.

Littafin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne War for the Oaks na Emma Bull, wanda ya fito a 1987, ya kuma ci kyautar mujallar Locus ta littafin farko mafi kyau a shekarar da ta biyo. Tauraruwarsa Eddi McCandry ce, mawaƙiya kuma makaɗiyar jita a birnin Minneapolis. A dare guda ƙungiyarsu ta watse, ta rabu da saurayinta, tana tafe gida a ƙasa sai wani baƙin kare da wani mutum suka biyo ta, ashe abu ɗaya ne, aljani ne mai rikiɗa. Ya kai ta gaban fadarsu, aka shaida mata cewa an zaɓe ta. Fadodin aljanu biyu, ta haske da ta duhu, za su yi yaƙi a kan wa zai mallaki birnin, to amma su ba sa mutuwa, saboda haka yaƙinsu bai wuce wasa ba sai in an kawo ɗan Adam an tsayar a fagen fama. Kasancewarsa a wurin ita ke sa makami ya ci jikinsu. Mutuwarta suke son ara, ba su nemi shawararta ba, ba su kuma damu da ko za ta kai labari ba.

Ina roƙon mai karatu ya sake duba wannan zubi da kyau. Manya masu sarauta, waɗanda ba abin da ke taɓa su, suna rigima a kan gari, amma rigimar ba ta zama gaskiya sai an jawo talaka ya kawo abin da shi kaɗai yake da shi, wato ransa. Wane ɗan Nijeriya ne zai karanta wannan ya ce bai gane ba? Mun sha ganin 'ya'yan wa ake ɗebowa lokacin zaɓe, da 'ya'yan wa suke ƙasar waje. Marubuciyar ba ta tsaya ta yi wa'azi a kan haka ba, ta saka shi ne a cikin ƙashin bayan labarin, kuma wannan shi muke koya wa ɗalibai a aji da sunan gwanintar sarrafa jigo.

Ga kuma wani abin da masu dariya ba su sani ba. Kaso mai yawa na littafin ba a fagen yaƙi yake ba, a ɗakin gwaji yake. Eddi tana neman makaɗa, tana sauraron masu zuwa gwaji ɗaya bayan ɗaya, tana lissafin kuɗin haya, tana neman gidan rawar da zai ba su dare guda. Emma Bull da kanta makaɗiya ce, ta yi waƙa a wata ƙungiya mai suna Cats Laughing a wannan birni, shi ya sa in ta siffanta yadda mai ganga da mai jita suke gano juna a tsakiyar kiɗa sai ka ji ka yarda. Sunayen tituna da wuraren shaƙatawa duk na gaske ne. Karon ƙarshe ma a First Avenue aka yi shi, gidan rawar da Prince ya ɗauki fim ɗinsa Purple Rain na 1984, inda Eddi ta ƙalubalanci sarauniyar duhu a gaban taron 'yan rawa, kiɗa a gefe guda, sihiri a ɗaya gefen. Aljanun suna da ƙwarewar ɗaruruwan shekaru, amma ƙirƙirar sabon abu sai mai mutuwa, domin shi ne ya san lokacinsa ƙidayayye ne. Wannan ra'ayi ne a kan asalin fasaha, ana iya yarda da shi, ana iya ƙaryata shi. Dariya dai ba amsarsa ba ce.

Sukan ce irin wannan rubutu gudun duniya ne, mai karanta shi yana rufe ido ga halin da jama'a ke ciki. Tolkien ya amsa wannan tun a laccar da ya yi a Jami'ar St Andrews a 1939, inda ya bambanta fursunan da ya tsere daga kurkuku da sojan da ya gudu daga fagen daga. Ni ba na ma bukatar kariyar Tolkien, domin shi ƙirƙirar wata duniya ya yi can nesa, waɗannan kuwa sun ƙi barin gari. Jerin labaran Borderland da Terri Windling ta assasa a 1986 a kan yaran da suka gudo daga gidajen iyayensu ne, suna kwana a kangwaye a wani birni da ke kan iyakar duniyarmu da ta aljanu, inda inji ba ya aiki yadda ya kamata, tsafi ma haka. A Gossamer Axe na Gael Baudino, 1990, makaɗiyar garaya ce daga tsohuwar Ailan ta kuɓuto daga hannun aljanu, ta ƙare a birnin Denver, ta gane cewa garayarta ba za ta kayar da gwaninsu ba, sai ta koyi jita mai amon tsawa ta kafa ƙungiyar mata zalla, kowacce da tabon da rayuwa ta yi mata. Talauci da ƙwaya da dukan mata duk suna ciki. In gudu ne wannan, to ba su yi nisa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan ƙyama ta fito daga bakin malamin Hausa. Da me muka fara ƙagaggen labari? Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma ka cire aljanu daga cikinsu ka ga abin da zai rage. Iliya Ɗan Maiƙarfi fa? Maƙwabtanmu a nan Kudu suna tinƙaho da Fagunwa da Tutuola, Ben Okri kuma da yaron da ke kai da kawo tsakanin duniyar iskoki da unguwar talakawa ya ci kyautar Booker a 1991. Larabawan jahiliyya sun ce kowane mawaƙi da aljaninsa, har Ibn Shuhaid na Andalus, wanda ya rasu a 1035, ya rubuta risala a kan ziyarar da ya ƙaga ya kai wa aljanun manyan mawaƙa. Duk waɗannan muna karantar da su, muna ba da maki a kansu. Ashe aljanin da ya tsufa a manhaja shi ne adabi, wanda ya sa wandon zamani ya zama shirme? Mun manta da shekarun 1990, lokacin da aka yi ta kai ruwa rana a jaridu tsakanin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu a kan adabin kasuwar Kano? Littattafan da aka ce ba za su kai gobe ba, yau a kansu ake samun digirin digirgir. Su dai waɗancan malamai sun karanta abin da suke faɗa a kansa.

Batun addini kuwa ba zan ja shi ba. Nazarin abu daban, yin sa daban. Wanda ya rubuta kundi a kan bori ba girka aka yi masa ba, in ba haka ba da malamai da dama a sassan Hausa na ƙasar nan sun daɗe da faɗuwa.

Da Malam ya daure ya karanta, da ya sami sandar dukan da ta fi wadda ya ɗauka, kuma tun da bai yi ba, bari in ara masa. Sunan Minneapolis rabinsa na farko daga harshen mutanen Dakota yake, ma'anarsa ruwa, rabin ƙarshe kuma Girkanci ne, ma'anarsa birni. Magangarar ruwan Minnehaha, inda Emma Bull ta sa aljanunta suka gwabza yaƙin farko, ita ma sunan Dakota take ɗauke da shi. Tafiya kaɗan daga nan sansanin Fort Snelling yake, inda aka tsare mutanen Dakota wajen 1,600, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, a hunturun 1862 zuwa 1863, ɗaruruwa suka mutu. A ranar 26 ga Disamba 1862 aka rataye mazajensu 38 a garin Mankato a lokaci guda. To, a kan wannan ƙasa ce fadodi biyu na aljanun Turai suke yaƙin wa zai gaji gari, ba wanda ya tambaya ina iskokin masu ƙasa suka shiga. Mutanen Turai sun ƙwace gonar, aljanunsu kuma sun ƙwace kurmin, littafin bai ko lura ba. Wannan aibi ne babba, kuma shi ya cancanci a yi wa ɗaliba tambaya a kansa ranar kare kundi. Charles de Lint na Kanada, wanda shi ma makaɗi ne, kuma tun 1984 ya fara saka irin waɗannan halittu a titunan Ottawa a littafinsa Moonheart, ya fuskanci matsalar gaba da gaba a Forests of the Heart na shekarar 2000. A can aljanun da suka biyo 'yan gudun hijirar Ailan sun iso sun tarar ƙasa da masu ita, suka zama marasa gida masu ɗacin rai, suna raɓe a birni suna ƙulla yadda za su kori na asali. Tarihin Amurka ke nan aka ba da shi ta bakin mutanen ɓoye.

Aibi na biyu kasuwa ce ta kawo shi. Da aka ga abin yana saye, sai aka kafa masa injin niƙa. Mercedes Lackey da abokan rubutunta sun fara da Knight of Ghosts and Shadows a 1990, labarin mai busa sarewa a Los Anjalis da ya tashi wani aljani daga barci, suka bi shi da littafi bayan littafi, har da jerin da aljanu suke tseren motoci waɗanda aka ƙera ba da baƙin ƙarfe ba. A waɗannan littattafai aljani yana yawo a manyan kantuna, abin da ke bugar da shi kuwa sinadarin da ke cikin kofi da Coca-Cola ne. Akwai ban dariya a ciki, ban musa ba. Amma a nawa karatun an zare wa abin haƙora. A tsohon labari duk wanda ya karɓi kiɗa daga hannun mutanen ɓoye sai ya biya, ko da shekarunsa, ko da idonsa, ko da hankalinsa. A sabon kuwa aljani ya koma kyakkyawan saurayi, dogo, fari, mai gashi har kafaɗa, ɗan sarauta da ke jiran budurwa 'yar talaka. Abin dariya ne a ce mutanen da suka kori sarki a 1776 su ne suka fi kowa mafarkin fada da fadawa. Terry Pratchett na Ingila ya gaji da wannan kwalliya, ya rubuta Lords and Ladies a 1992 domin ya tuna wa masu karatu dalilin da ya sa kakanninsu suke kafa takalmin doki a bakin ƙofa.

Kun ga ke nan akwai abin faɗa, na yabo da na suka, kuma ɗalibar nan ta hango wata ƙofa da mu malamanta ba mu hango ba. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a Kano ya fitar da littafinsa a kan bori a 1983, ya nuna yadda kowane iska yake da kiɗansa da kirarinsa, Ɗan Galadima da nasa, Sarkin Rafi da nasa, da yadda mai garaya ko mai goge yake kiran mutanen Jangare ɗaya bayan ɗaya. Amma a bori makaɗi mai sana'a ne, maroƙi ne, shi ke kira, wani ne dokin da ake hawa, kuma al'umma ba ta ɗaukarsa da wata daraja. A littattafan Amurka kuwa makaɗi shi ne jarumi, ikon a jikinsa yake, shi ake so, shi ke ceton gari. Me ya sa wata al'umma ta ajiye mai kiran iska a bakin zaure, wata kuma ta naɗa shi sarkin yaƙi? Wannan tambaya kaɗai ta isa kundi.

Batun shigowar iskoki birni kuwa, mu da muke zaune nesa da gida bai kamata a ba mu labarinsa ba. Abner Cohen ya tarar da bori a tsakanin matan Sabo ta Ibadan, ya rubuta shi a littafinsa na 1969. Jean Rouch ya ɗauki 'yan ci-ranin Nijar a Akara, babban birnin Gana, a fim ɗinsa da ya fito a 1955, iskokin hauka suna hawansu cikin siffar gwamna da kofur da direban jirgin ƙasa, washegari kuma kowa ya koma bakin aikinsa na lebura. Shekara talatin da 'yan kai kafin Emma Bull, iskokin Afirka ta Yamma sun riga sun shiga mota sun zo birni sun sa kaki. Abin da ba mu yi ba shi ne rubuta su. Aljanun ƙagaggun labaranmu, har da na littattafan yaƙi da matasa suke rububi, kusan kullum sai an yi tafiyar wata da watanni ake isa gare su, a bayan wani dutse, a zamanin wani sarki da ba a taɓa yi ba, alhali kowace tsohuwa ta san suna nan a juji da gindin tsamiya da tsakiyar kasuwa.

A nan ne zan juyo kanku, ku ɗalibai masu aiko wa wannan mujalla labarai. Na karanta wasu a bana da aka sa wani mai dogayen kunnuwa da koren ido yana busa sarewa a Agege. Wa ya kawo shi? A wane jirgi? Aljanin Emma Bull yana da dalilin zama a Amurka, domin mutanensa sun je can, yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 kaɗai ta kori mutum wajen miliyan guda, sun tafi da gogensu da tsoronsu, har wani shugaban 'yan sandan Cikago haifaffen Ailan, Francis O'Neill, ya tattara kiɗe-kiɗensu 1,850 ya buga a 1903. Naku kuwa daga fim ya faɗo. Ku tambayi kanku wane iska ne ya biyo motar shanu daga Arewa ya sauka a mayankar Oko-Oba, yaya suka ƙare da iskokin ruwan Legas da ya tarar, kuma mai gogen da zai kira shi a ina yake kwana, nawa ake biyansa.

Ɗalibar nan tana can tana tattara karin magana masu ambaton kare, kuma na san za ta yi aikin da kyau. Takenta na farko kuwa na ajiye shi, zan sake gabatar da shi a taron sashe na baɗi da sunan duk ɗalibin da ya so, wannan karon kuma ba zan yi shiru ba. Kofina na War for the Oaks, wanda na tsinta a wajen masu sayar da littattafan gwanjo a Yaba, bangonsa ya yage amma shafukansa sun cika. Yana ofishina. Idan Malam ya aiko a karɓa zan bayar, editan wannan mujalla kuma ya yi mini alkawarin zai bar masa shafi biyar a fitowa ta gaba.